An Naɗa Ka Manaja, Ka Iya Karanta Takardun Kuɗi?

A cikin ikkilisiyoyinmu akwai 'yan'uwa da yawa waɗanda Allah ya ɗaukaka a wurin aiki. Wani ya shekara goma sha biyar yana koyarwa, sai aka danƙa masa makarantar dungum. Wata ta daɗe tana aikin jinya, yau ita ce mai lura da asibitin. Wani kuma da ɗaukar kaya ya fara a kanti, ga shi yanzu mabuɗan kantin duka suna aljihunsa. Ƙwazo da riƙon amana ne suka kai su can, muna kuwa gode wa Ubangiji saboda su.

Amma akwai wata damuwa wadda yawancinsu ba su faɗa wa kowa. Idan ƙarshen wata ya yi, akanta yakan kawo takardu cike da lambobi, ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai sa hannu." Manaja ya duba sama, ya duba ƙasa, bai gane kome ba. Kunya kuma ta hana shi tambaya, gama yana tsoron kada na ƙasa da shi su raina shi. Sai ya sa hannu. To, ran da abu ya ɓaci, wanda ya sa hannun shi za a kira. Albashin ma'aikata, da abincin iyalansu, da sunansa na Kirista a gari, duka suna rataye a kan takardun nan da bai karanta ba.

Ya kai ɗan'uwa, idan halin da kake ciki ke nan, kada ka karai. Ba a bukatar ka zama akanta. Abin da ake bukata shi ne ka iya karanta takardu uku, ka kuma san tambayoyin da za ka yi a kansu. Duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa da rabawa zai iya koyon wannan.

Asalin wannan ilimi

Ilimin ajiye lissafin ciniki a kasuwa aka haife shi. 'Yan kasuwar Italiya sun daɗe suna rubuta kowace ma'amala sau biyu, watau inda kuɗin ya fito da inda ya tafi. A shekarar 1494 wani malamin addinin Kirista mai suna Luka Pacholi, ɗan ƙungiyar Faransiskan, ya buga babban littafin lissafi a birnin Banis, ya bayyana wannan hanya dalla dalla. Da harshen mutanen gari ya rubuta shi, ba da Latin na manyan malamai ba, domin ɗan kasuwa ya karanta ya gane. Hanyar da kamfanonin duniya ke bi har yau a kan wannan tushe take.

Doka ma ba ta bar manaja a baya ba. A Nijeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya ajiye littattafan lissafi, nauyin kuwa a kan daraktoci yake. A Nijar da Kamaru da Chadi ana bin tsarin lissafi ɗaya na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993, mai ƙasashe 17.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kantin sayar da littattafai ne aka ba ka. Lambobin da za mu ambata na misali ne kawai, domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

Takarda ta fari: riba da hasara

Wannan takarda tana amsa tambaya ɗaya: a cikin shekarar nan, mun ci riba ko mun faɗi? A ce kantin ya sayar da littattafai na naira miliyan 20. Littattafan nan an saro su a kan miliyan 14. Saura miliyan 6 ke nan. Haya, da albashi, da wuta, da man mota sun ci miliyan 4, saura miliyan 2.

Akwai kuma wani layi da yakan rikita sabon manaja, shi ne tsufan kaya. Motar kantin da kantocin jera littattafai suna tsufa kowace shekara, wata rana kuwa dole a sake su. Saboda haka akanta yakan raba kuɗin sayensu a kan shekarun da za su yi aiki, ya cire rabon kowace shekara daga riba, ko da yake ba wanda aka miƙa wa ko kobo. A ce rabon bana naira 500,000 ne. Ribar shekara ta zama miliyan ɗaya da rabi.

Ka lura da wannan ƙwarai: ran da makaranta ta ɗauki littattafai bashi, a ranar akanta yake rubuta su cikin ciniki, ko da kuɗin bai zo ba tukuna.

Takarda ta biyu: kadara da bashi

Ta farin tana ba da labarin shekara guda. Wannan kuwa kamar hoto ce da aka ɗauka a rana ɗaya. Gefe ɗaya yana nuna abin da kantin ke da shi: littattafai a sito na miliyan 5, bashin da kantin ke bin makarantu miliyan 3, kuɗi a banki miliyan 1, mota da kayan aiki miliyan 3. Jimla miliyan 12. Ɗaya gefen yana nuna masu hakki a cikin dukiyar nan: kamfanonin ɗab'i suna bin miliyan 4, banki yana bin miliyan 2 da za a biya cikin shekara, saura miliyan 6 shi ne jarin masu kantin. Gefe biyun nan dole su yi daidai kullum, gama kowace kadara da kuɗin wani aka same ta.

Ga tambayar da za ka yi a nan: idan masu binmu bashi suka zo, da me za mu biya su? Bashin da ke jiran biya miliyan 6 ne. Littattafai da bashin makarantu da kuɗin banki sun kai miliyan 9, sai ka ce lafiya lau. Amma cire littattafan sito, domin mai bin bashi ba zai karɓi littafin lissafi na aji uku ba. Saura miliyan 4 kawai, uku daga ciki kuwa suna hannun makarantu.

Takarda ta uku: shiga da fitar kuɗi

Wannan ita ce wadda ake yawan tsallakewa, ita ce kuwa ta fi faɗin gaskiya. Ba ruwanta da alkawari. Kuɗin da ya shigo hannu da wanda ya fita kaɗai take ƙirgawa.

Mu koma kantinmu. Riba miliyan ɗaya da rabi ce. Mu mayar da 500,000 na tsufan kaya, tun da ba a biya kowa shi ba, ya zama miliyan 2. Amma miliyan 3 na cinikin bana suna hannun makarantu, ba su shigo ba. An kuma ƙara saro littattafai na miliyan 1 waɗanda ke kwance a sito. Bashin da kamfanonin ɗab'i da banki ke bi yana nan yadda yake bara. Miliyan 2 a cire miliyan 4, an sami giɓin miliyan 2. Watau a shekarar da kantin ya ci ribar miliyan ɗaya da rabi, kuɗinsa na banki ya sauko daga miliyan 3 zuwa miliyan 1. Idan aka yi shekara ɗaya kuma a haka, ba za a iya biyan albashi ba, alhali takardar riba tana ta yi wa manaja albishir.

Kada ka ce ƙananan kantuna kaɗai wannan ke kayarwa. A Amurka an yi wani babban kamfani mai suna W. T. Grant, wanda aka kafa a 1906. A farkon shekarun 1970 yana da kantuna fiye da 1,000. Ya buɗe ƙofar bashi ga masu saye ba tare da bincike sosai ba, yana ta buɗe sababbin kantuna, yana kuma tara kaya. Shekara bayan shekara takardunsa suna nuna riba, ana raba wa masu hannun jari rabonsu, giɓin kuwa da rancen banki ake cike shi. A watan Oktoba 1975 kamfanin ya durƙushe, a 1976 aka rufe kantunan, dubban ma'aikata suka rasa aiki. A 1980 wasu malaman lissafi biyu, James Largay da Clyde Stickney, suka bi takardun kamfanin, suka nuna cewa a yawancin shekaru goma na ƙarshe kuɗin da ke fita wajen ciniki ya fi wanda ke shigowa. Alamar tana nan a rubuce tun da daɗewa ga duk wanda ya nemi takarda ta uku.

Nawa za mu sayar kafin mu tsira?

Ɗawainiyar kanti iri biyu ce. Akwai wadda ke tashi da sauka tare da ciniki, kamar kuɗin saro kaya. Akwai kuma wadda ba ta motsi, a yi ciniki ko kada a yi, kamar haya da albashi. A kantinmu marar motsin miliyan huɗu da rabi ce, idan an haɗa da tsufan kaya. Littafin da aka saro naira 70 aka sayar 100 yana barin naira 30. To, sai an yi cinikin miliyan 15 kafin talatin talatin ɗin nan su rufe miliyan huɗu da rabi. Ƙasa da haka hasara ce, sama da haka riba. Ya kamata kowane manaja ya san wannan lamba ta wurin aikinsa kamar yadda ya san shekarunsa.

Wannan lissafi zai tsare ka daga ragi na ganin ido. Wani shugaban makaranta ya zo ya ce a rage masa 10 cikin 100, ai ba wani abu ba ne. Amma ka sayar 90 abin da ka saro 70, saura 20 maimakon 30. Ragin naira goma ya cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da ke rage maka. Inda da ka sayar da littafi 100, yanzu sai ka sayar da 150 kafin ka koma inda kake.

Naira ta yau ta fi naira ta baɗi

Wata rana za a zo maka da shawarar sayen wani abu babba. A ce injin kwafin takardu ne na naira miliyan 1, wanda zai kawo 400,000 kowace shekara har shekara uku, sa'an nan ya mutu. Mai kawo shawarar zai ce uku sau 400,000 miliyan ɗaya ne da 200,000, an ci riba. Dakata tukuna.

Idan banki na karɓar ruwa 25 cikin 100 a shekara, naira 100 ta yau daidai take da 125 ta baɗi. Saboda haka kuɗin da zai zo nan gaba sai an rage shi kafin a gwada shi da na yau. Raba 400,000 na shekara ta fari da 1.25, ka sami 320,000. Na shekara ta biyu a raba sau biyu, 256,000. Na ta uku a raba sau uku, 204,800. Jimla 780,800. Za ka ba da miliyan ɗaya ka karɓi abin da darajarsa ta yau ba ta kai 800,000 ba. Injin nan bai biya kansa ba.

A ƙasarmu wannan darasi yana da nauyi ƙwarai. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa 27.5 cikin 100, hukumar ƙididdiga kuma ta ce a watan Disamba na shekarar tsadar kaya ta hau da 34.8 cikin 100 a shekara guda. A irin wannan lokaci, wanda ya bar bashi a hannun mutane shekara ɗaya ya yi musu kyautar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na darajar kuɗin ba da saninsa ba.

Jari da rance

Kuɗin gudanar da kamfani daga wuri biyu yake zuwa: jarin masu shi, da rance. Mai jari yana jira, in an ci riba ya samu, in an faɗi ya haƙura. Mai rance ba ya jira. Littafin Karin Magana ya kwatanta mai cin bashi da bawa a gaban wanda ya ba shi, kowane manaja da ya taɓa makara wajen biyan banki ya san abin da ake nufi.

Rance ba zunubi ba ne, amma kafin ka karɓa ka yi tambaya uku. Ta fari, abin da za a yi da kuɗin zai kawo fiye da ruwan da za a biya? Ta biyu, ruwan na wata ne ko na shekara? Biyar cikin 100 a wata yana da daɗin ji, amma 60 ne a shekara, idan kuwa ruwan yana hawa kan ruwa ya kusa 80. Ta uku, lokacin biya ya yi daidai da lokacin da kuɗin zai dawo? Kada ka yi gini da rancen wata shida. Ubangiji Yesu da kansa, a Luka sura 14, ya ba da misalin mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, ya sa harsashi ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a ga masu wucewa.

Yadda za ka koya

Na ɗaya, ka ajiye kunya. Kira akanta ka ce masa, "Malam, ina so ka koya mini aikinka." Ku sa sa'a ɗaya kowane mako. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Akanta na kirki zai yi murna. Wanda kuwa ya nuna ba ya son ka gane, ka sa masa ido.

Na biyu, ka koya da takardun wurin aikinka. Nemi na shekara uku da suka wuce, ka jera su, ka bi layi layi. Me ya hau? Me ya sauka? Don me? Idan ciniki ya ƙaru kaɗan amma bashin da ake bin mutane ya ninka, ka ga hayaƙi, sai ka nemi wutar.

Na uku, ka sayi littafin rubutu ka ja layi na mako 13 masu zuwa, watau wata uku. Kowane mako ka rubuta kuɗin da kake sa rai zai shigo da wanda dole ya fita. Kantin littattafai yakan saro kaya kafin a buɗe makarantu a watan Satumba, kuɗin kuwa sai daga baya yake dawowa. Wannan littafi zai nuna maka makon da aljihu zai bushe tun yana nesa, ka sami zarafin bin bashi ko roƙon a ɗaga maka biya.

Na huɗu, kowane wata ka gwada takardar banki da littafin kuɗin ofis da idonka. Duk bambancin da ka gani, a bayyana maka shi kafin ka sa hannu.

Na biyar, ka nemi karatu. Littafin lissafin kasuwanci na 'yan sakandare ya isa mafari, wataƙila ma yana cikin jakar ɗanka. Jami'ar karatu daga gida ta Nijeriya, watau NOUN, tana sa littattafan darussanta a intanet. Akwai kuma ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, mai yiwuwa ne wani ɗanta yana zama kusa da kai a sujada ran Lahadi. Roƙe shi ya duba takardunka sau ɗaya a wata uku.

Amana da shaida

Wasu 'yan'uwa suna ganin binciken lissafi rashin yarda da juna ne. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Ezra sura 8, sa'ad da za a tashi daga bakin kogin Ahawa, Ezra ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa shugabannin firistoci goma sha biyu. Da suka isa Urushalima aka sāke aunawa a Haikali, aka ƙirga, aka rubuta. Mutanen Allah ne, duk da haka an auna sau biyu. Manzo Bulus ma, a 2 Korantiyawa sura 8, ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa biyu a kan hidimar gudummawar ikkilisiyoyi, domin kada kowa ya sami abin zargi.

Saboda haka ka tsara aiki yadda mai karɓar kuɗi dabam, mai rubutawa dabam. Cek ya zama da sa hannun mutum biyu, kada kuwa ka taɓa sa hannu a kan wanda ba a cike ba. Kome ƙanƙantar abin da aka saya, a kawo rasit. Wannan tsari yana tsare ma'aikaci daga jaraba, yana kuma tsare mai gaskiya daga ƙazafi. Ma'ajin ikkilisiya da ma'ajiyar zumuntar mata su ma su ɗauki wannan.

Kalma ga uwargida da dangi

Ran da aka naɗa mutum manaja, dangi sukan ɗauka kuɗin kamfani nasa ne. Wannan ya zo da kuɗin makaranta, wancan da maganar biki. Da yawa sun faɗi ta nan: an ɗauki kaɗan daga akwatin ofis da niyyar mayarwa ƙarshen wata, wata ya ƙare ba a mayar ba, sai aka fara gyara lambobi domin a rufe.

Uwargida, kina da babban aiki a nan. Ki san albashin maigida, ku zauna tare ku yi kasafin gida a kansa, har da abin da za ku iya taimakon dangi da shi. Idan ya ce wa ɗan'uwansa babu, ki tsaya tare da shi. In kuwa ke ce manajar, maigida ya yi miki haka nan. Wanda yake da kantin kansa ma ya yanka wa kansa albashi, ya bar sauran a kanti, gama aljihu ɗaya ba ya riƙe kuɗin gida da na ciniki a zauna lafiya.

To, ɗan'uwa, ƙarshen watan nan takardu za su sāke zuwa teburinka. Kafin ka ɗauki alƙalami ka ce wa akanta ya jawo kujera. Tambaye shi nawa ke banki yau, nawa muke bin mutane, tun yaushe, nawa ake binmu, yaushe kuma za a biya. Wata na fari za ka sha wuya. Kafin wata shida za ka fara ganin abin da lambobin ke faɗi tun ba a gaya maka ba. Ubangiji wanda ya ba ka wannan matsayi ya ba ka hikimar riƙe shi, ya kuma same ka da aminci ran da zai nemi lissafi. Amin.